Ƙamshin Kitsen Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da muhawarar da aka yi a makarantarmu ina ajin ƙarshe na sakandare ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, tsofaffin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba. Kuɗin adaidaita sahu ya tashi, kowa a gari ya zama masanin tattalin arziki, har mai shayin bakin titi. Malamin tarihinmu, Malam Sunusi, ya ce tunda haka ne za a yi muhawara ranar taron iyaye, amma ba a kan abin da ake ciki yau ba. Za a koma baya ne, zamanin da gwamnatin soja ta ce 'yan ƙasa su faɗi ra'ayinsu ko a karɓo bashi daga waje ko kar a karɓo, aka yi ta cacar baki a rediyo da jaridu, daga baya aka karya darajar naira, aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Tambayar ita ce: matakan nan sun taimaki talaka, ko sun ƙara danne shi?

Sai ya saka ni a ɓangaren masu cewa sun danne shi. Ni fa! Ni da ko sunana aka kira a aji sai na waiga in ga ko da wani ake.

Amma in dai shiri ne, ba a fi ni ba. Sati biyu ina zarya laburare. Na yanka kwali na yi katuna ashirin, na sa wa kowanne lamba, na rubuta da biro kala uku (ja na hujja, shuɗi na bayani, baƙi na inda zan ja numfashi). Da na kai wa Malam Sunusi ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma duk maganar manya ce. Ina talakan? Je ka nemo wanda ya rayu a lokacin ya ba ka labari. Sai ka canja masa suna, haka ƙa'idar bincike take."

In tsayar da baƙo a titi in yi masa tambaya? Gara a ce in haura Dala da gudu. Sai na nufi ɗakin kakata, Hajiya Binta, mahaifiyar babana, wadda muke gida ɗaya da ita. Na same ta tana tsinke zogale.

"A'a, maigida, yau kai ne da biro da takarda a ɗakina? Ko sakina za ka rubuta?"

Na yi mata bayani. Da farko ta ba ni wanda kowa ya sani: layin sabulu da madara, da yadda farashi ke tashi tsakanin safe da yamma. Ina ta rubutu ina cewa "sai kuma me?" har ta gaji, ta leƙa tsakar gida, ta rage murya.

Ashe kakana, Allah ya jiƙansa, akawu ne a wani ofishin gwamnati, kuma rage ma'aikata ya rutsa da shi. Aka yi wata da watanni nama bai shiga gidan ba. To duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, sai Hajiya ta sa a karɓo mata ɗan guntun kitse wajen mahauci, ta ɗora a garwashi da yankan albasa, a gindin katangar da ta raba mu da maƙwabta, ta yi ta fifita da mafici har ƙamshin ya tsallaka. Sannan su shiga ɗaki su ci tuwo da miyar kukar da ko ƙashi babu.

"Don me, Hajiya?"

"Don kar a ce gidan akawu ya faɗi. Rufin asiri ke nan, ku 'yan yanzu ba ku san shi ba. Har Malam ya koma ga Allah babu wanda ya sani a layin nan. Ka ji ko? Babu."

Na ce ta kwantar da hankalinta, zan canja suna.

"To ka canja da kyau."

Na kuwa canja. Na sa mata Malama Talatu. Sai dai littattafan da na karanta sun ce mai bincike na ƙwarai yana bayyana muhallin da abu ya faru dalla-dalla, don kar a ce ƙirƙira ya yi. Saboda haka a kati na tara na rubuta cewa Malama Talatu tana zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, gida na uku daga masallacin layi, mai koren ƙyaure da darbejiya a ƙofa, mijinta akawu ne, 'ya'yanta bakwai, kuma katangarta ɗaya da wata mai kiwon agwagi. (Har fita na yi na ƙirga gidajen, don kar in yi kuskure. Ku dai ku taya ni jin kunya.)

Ranar taro babban ɗakin makaranta ya cika. Makarantarmu tana can wata unguwa daban, kuma a raina nisan ya isa ya raba ni da duk wanda ya san ni. Na riga na yanke shawara: ba zan ɗaga kai ba ko sau ɗaya, idona a kan kati har in gama. Abin da ban sani ba shi ne, Umma ta faɗa wa Hajiya cewa yau maigidanta zai yi magana a lasifika. Hajiya ta ce wannan abin mamaki ba za a ba ta labari ba. Ta ɗauki shatar adaidaita, ta kwaso maƙwabciyarmu Hajiya Sabuwa da mijinta Malam Garba, da Maman Ifeoma, tsohuwar nas 'yar kudu da ta zauna a layinmu tun kafin a haifi babana, wadda Hausarta ta fi tawa gishiri. Suka zauna a layi na biyu.

Abokin karawata, Nura, ya fara. Ya ce ƙasa kamar majinyaci ce, dole ta sha magani mai ɗaci. Aka tafa masa. Na tashi na fara karantawa. Kati na ɗaya, na biyu, har na takwas, lafiya lau. Muryata ma ta fara zama.

Na shiga kati na tara. Ina faɗin koren ƙyaure na ji 'yan gunaguni, na ɗauka burge su nake yi. Ina faɗin agwagi na ji wata murya ta ce, "Agwagi? Ai ni ce mai agwagi."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na haddace katin nan har bakina ya daina neman izinina. Na karanta kitsen, na karanta albasar, na karanta maficin. Na rufe da jimlar da na fi alfahari da ita, wadda na ja wa layi da jan biro: "Wannan baiwar Allah, matalauciya abar tausayi, ita ce hoton talakan wancan zamani."

"La'ilaha illallahu! Binta! Ashe kitse ne?"

Muryar Hajiya Sabuwa ce, mai agwagi. A lokacin na ɗaga kai.

Ga Hajiyata zaune cikin leshinta na zuwa biki, ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Tunda nake ban taɓa ganin matar nan ta sunkuyar da kai a gaban kowa ba. Na ce "wayyo Allah" a hankali, na manta bakina yana kan makirufo, sai ga shi ya fito ta lasifika huɗu.

Malam Garba ne ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Malam, a ba ni minti ɗaya, ina da ƙara." Ya nuna matarsa. "Duk Juma'ar duniya matar nan hana ni sakat take yi. 'Ka ji gidan akawu? Ka ji inda maza suke?' Wallahi rediyona na sayar na sayo mata tsoka don in huta da gori. Shi ya sa ƙarshen muhawarar bashin nan ma ban ji ba, sai a bakin mutane. Ashe hayaƙi nake gasa da shi!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Hajiya Sabuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Hajiyata dai ba ta ɗago ba.

Sai Maman Ifeoma ta dafa kafaɗarta. "Ke Binta, ɗaga kanki, don Allah. Kin tuna duk Lahadi in mun dawo daga coci kuna jin ina dakan sakwara? Tsumma ne a cikin turmin. Garin kwaki muke jiƙawa."

Hajiya ta ɗago a hankali. "Ke Maman Ifeoma, ki ji tsoron Allah! Ni da nake cewa ma'aikatan asibiti su suka more?"

"Ni dai ban yi komai ba," in ji Hajiya Sabuwa.

"Sai gwangwanayen madarar da kika jera a kantar ɗakinki," in ji Malam Garba. "Ko ɗaya babu komai a ciki, ni na sani, na girgiza."

Nan Hajiya ta kasa riƙe dariya. Ta yi har da share ido, sannan ta miƙe ta gyara mayafi ta fuskance ni.

"Maigida, tunda ka tona, ka tona daidai. Kitsen rago ne. Na saniya ba ya tsallake katanga. Sannan wa ka kira abar tausayi? 'Ya'ya bakwai na fitar daga zamanin nan, babu wanda ya bar makaranta. Goge wannan."

Na laluba aljihu na ciro biro na goge, a gaban kowa. Tafin da aka yi mata ya ninka na Nura.

Daga nan muhawara ta fita daga hannunmu. Malam Garba ya ce shi har gobe yana ganin da an karɓi bashin an huta. Wani dattijo ɗan fansho daga baya ya ce ina! Ai an tambaye su sun ce ba sa so, aka ce an ji, sannan aka ɗura musu ɗacin duk da haka. Maman Ifeoma ta ce ita dai abin da ta gani shi ne majinyata suna komawa gida da takardar magani a hannu. Wata ta ce su bar tone-tone, na yau ma ya ishe su. Mai kula da lokaci ya yi ta kaɗa ƙararrawa, babu wanda ya kula shi. Ni kuma ina tsaye riƙe da katuna goma sha ɗaya da ba a taɓa karantawa ba har yau. A ƙarshe shugaban makaranta ya karɓi makirufo yana dariya ya ce alƙalai sun yanke hukunci, iyaye ne suka ci.

Na ɗauka magana ta ƙare a dariya. Ba ta ƙare ba. Kwana huɗu Hajiya ba ta kira ni maigida ba. In na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, ɗan jarida." In na shigo ɗaki ana hira sai ta ce, "Ku yi shiru, ga rediyo." A rana ta biyar na je na durƙusa na ba ta haƙuri.

Ta kalle ni. "Sa'a ka ci, kowa yana da nasa. Da a ce ni kaɗai ce fa? Da wane ido zan fita layin nan?"

Wannan karon babu katin da zan duba.

"Tashi, maigida, na yafe. Amma daga yau duk abin da za ka rubuta a kaina, sai ka karanta min tukuna."

Yanzu duk Juma'a da la'asar su huɗun nan suna haɗuwa a tsakar gidanmu, suna ci gaba da gardamar bashin da aka rufe tun kafin a haife ni. In na zo wucewa sai Malam Garba ya ɗaga murya ya ce a ɓoye tukwane, mai bincike ya iso.

Abin da na koya shi ne, talakan cikin littafi ba ya jin abin da ka faɗa a kansa, amma na gaske yana da leshi da kuɗin mota, kuma zai zo ya gyara maka bayani. Wannan ma da kuke karantawa sai da na zauna na karanta wa Hajiya daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ta sa na goge wurare biyu. Abin da ke cikinsu kuwa, ku yi haƙuri, na yi hankali.