Tayoyi Takwas da Idon Inna Guda Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Manajan Sashen Farin Cikin Kwastoma,
Kamfanin Tayoyi na Dawwarul Faraj,
Reshen Safa, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin ofishinka yana ratsa ka yadda ya kamata, ina neman izini in tuna maka wata magana da aka faɗa mini a shagonku, hannu a ƙirji:

"Wallahi ya khala, gwaggona, ki kwantar da hankalinki. Motar nan ba za ta ma san an canza mata taya ba."

Mai maganar Thamer ne, ma'aikacinku mai turare da fararen haƙora. Ranka ya daɗe, motar ta sani. Tun kafin in fita daga harabarku ta sani, kuma tun ranar take sanar da duk Jidda.

Da gangan na rubuto da Hausa. Na san kana ji, ko da yake tun da aka ba ka kujera mai juyawa da Larabci kake amsawa. A unguwar Mahjar ka tashi, katangarmu ɗaya da gidanku, kuma ni na riƙe ka ranar sunanka, ya Abdulmohsen. Inda wata kalma ta shige maka duhu, ka kai wa mahaifiyarka. Ta riga ta ji abin da ke ciki, domin na tura wasiƙar nan zauren matan zumuntarmu na waya kafin in turo maka.

Ga yadda abin ya faro, don kada a ce wata mahaukaciya ce ta tashi kawai ta sayi tayar ƙanƙara a garin da ake soya ƙwai a kan bonet.

Mahaifiyata, Inna Turai, ta haye teku daga tashar jirgin ruwa ta Sawakin tana goye a bayan uwarta. Ta haura tamanin, kuma duk shekarun nan cikin zufa ta yi su. Ba ta taɓa roƙonmu komai ba. Bara idonta na dama ya rufe. Na hagun kuma likita ya ce duk abin da za mu yi da shi mu yi da wuri. A watan jiya jikarta ta nuna mata wani bidiyo a waya: raƙuma suna tafiya cikin farar ƙanƙara a duwatsun Tabuk. Ta kai wayar dab da idon da ya rage, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mastura, ashe a ƙasar nan ne? Kai ni in gani kafin wannan ya bi ɗan'uwansa."

Ni ce direbar gidanmu. Da furfura a kaina na karɓi lasisi, kuma ban taɓa goge motar kowa ba. Na zo shagonku a duba mini iskar taya kawai. Thamer ya ji Tabuk, sai idonsa ya yi haske. Ya ce hanyar dutse ce, ba a hawanta sai da tayar sanyi. Ya ce a ɗaura su a kan wilinsu na daban, in na dawo a kwance a mayar da tsofaffin, halas. Na tambaye shi batun hassas, wato ɗan ƙaramin abin nan da ke cikin kowace taya yana gaya wa mota yawan iskarta, domin na karanta littafin motar daga bango zuwa bango. A nan ne ya dafa ƙirji ya yi mini rantsuwar da ke sama.

Yanzu ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Sababbin tayoyin suna da hassas, amma ba a gabatar da su ga motar ba. Ba ta san su ba, ba ta yarda da su ba. Da na tayar da ita sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, sannan ƙara ta biyo: tin, tin, tin, kamar mai gidan haya a bakin ƙofa. Wato dai ina da tayoyi huɗu da suke aiki ba iƙama, ba takardar izinin zama, da wasu huɗu masu iƙama da suke zaune a gida ba aiki. Na zauna a ƙasar nan na ga yadda ake canjin kafili, uban gidan da ke tsaya wa baƙo, ga ɗan'adam mai rai da iyali, a gama. Shin na taya ya fi na mutum wuya ne?

Na biyu, kuma shi ne gaba da komai. Inna ba ta shiga motar. Na zaunar da ita, na ɗaura mata bel, na murza makulli, motar ta ce tin. Inna ta kwance bel ɗin da kanta. Ta ce, "Abin hawan da yake kuka tun kafin a tashi, ya ga abin da ba mu gani ba. Fitar da ni." Na yi mata bayani da Hausa, na yi da Larabci, ɗana Usman ya manne fitilar da baƙin salatif ya ƙure karatu a rediyo. Ta ce idonta ne ya mutu, kunnenta yana nan. Kai ma ka san Inna. Ka taɓa ganin wanda ya canza mata magana?

Na uku. Tsofaffin tayoyin suna falona, a hawa na uku a unguwar Waziriyya, domin kamfaninku yana sayar da taya takwas ga mutumin da ba shi da wurin ajiye tsintsiya. Na lura da wani abu. Idan na faka a ƙarƙashin tagarmu, motar sai ta yi shiru, fitilar ta mutu. Ashe muryar tsofaffin take jiyowa daga sama, hankalinta ya kwanta. Da na sha kwanar layinmu sai ta tuna an raba ta da su, ta fasa kuka. A ganin motata, ranka ya daɗe, ƙafafunta suna falo kusa da talabijin. Lafiyarta ƙalau matuƙar ba za a je ko'ina ba. Ina taya kamfaninku murnar ƙirƙiro motar da ba ta da matsala sai tafiya.

Na huɗu. Wannan sai da na yi istigfari kafin in rubuta. Da yake tayoyin sun cinye falon, sai na kwantar da su, na ɗora musu matasai, na rufe da zanen gado mai fure, suka zama kujeru. Ranar Juma'a ƙanwar mijina, Jamilatu, ta zo gaida Inna tare da surukanta. Allah ya yi wa Jamilatu jiki, kuma ba ta son a ambata. Ta zauna. Ba a jima ba manhajar da Thamer ya saka mini a waya ta buɗe baki, da muryar nan ta mace mai ladabi, a gaban surukai, ta ce nauyi ya yi yawa a kan tayar baya ta hagu, a rage kaya. Jamilatu ta ajiye kofin shayi, ta ce, "Mastura, da bakinki ma kin iya faɗa mini, ba sai kin sa waya ba." Har yau ba ta ɗaga kirana. Wane sashe ne a kamfaninku yake gyara zumunci, kuma shi ma sai an yi layi?

Ita wannan manhaja, kowace safiya sai ta gargaɗe ni in yi hattara da santsin ƙanƙara a Titin Falasɗinu. Na gode. Ina dubawa.

Na biyar. Na dawo shagonku. Thamer ya saurare ni, ya gyaɗa kai, ya ce, "Basiɗa, ya khala, abu mai sauƙi. Tunda tana son tsofaffin, ki riƙa tafiya da su." Na ɗauka wasa yake yi. Da na ga ba ya dariya, sai na gwada, don kada a ce ban bi shawarar masana ba. A kan rufi motar ba ta jin su, ta fi son su a jikinta. But ɗina ya ɗauki ɗaya. Kujerar baya ta ɗauki biyu. Ta huɗun ta zauna a gaba, kusa da ni, a wurin Inna. Motar ta ji nauyi a kujera ta soma wata sabuwar ƙara, sai da na ɗaura wa taya bel. Sannan ta yi shiru, tsit, irin shirun da na manta akwai shi a duniya.

Haka na bi Hanyar Madina, mace mai jikoki, da taya a gefena sanye da bel. A danja wani ɗan sandan hanya ya leƙo, ya dubi tayar, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ya Hajja," ya ɗaga mini hannu in wuce. Ban san wace daga cikinmu yake yi wa addu'a ba.

To shawararku ta yi aiki. Motar za ta iya zuwa Tabuk cikin natsuwa, da ni da tayoyi takwas. Inna ce kawai babu wurinta. Da na faɗa wa Thamer haka, sai ya ce ai akwai bas. Ina roƙonka ka karanta wannan layin sau biyu. Ma'aikacinka ya ce tsohuwa mai ido ɗaya ta bi bas, tayoyi su bi mota.

Na shida. Na tambaya ko babu na'urar da ke gabatar da sabon hassas ga mota. Aka ce akwai, tana cikin durowa, daga ƙasar sanyi aka kawo ta. Sai dai ba ta yarda ta yi rajistar tayar sanyi sai ta ji zafin wurin ya sauka ƙasa da digiri bakwai, domin masu ƙera ta ba su taɓa zaton akwai wanda zai sayar da irin tayar nan a gari irin namu ba. A nan kam na fahimce su. Na ce yaushe Jidda za ta kai bakwai? Thamer ya duba wayarsa da gaske, ya ce inshallah. Sannan ya ce mafi sauƙi in je Tabuk, can akwai sanyi. Wato ba zan iya zuwa Tabuk ba sai an gyara, kuma ba za a gyara ba sai na je Tabuk, inda ba ku da reshe. Na yi shekaru ina koyar da 'yan mata ilimin manɗiƙ, wato auna hujja da hankali. Da na samu wannan misalin tun ina aji, da na huta da allo.

Ban tsaya nan ba. Maƙwabcinmu Ɗan'azumi yana aiki a ɗakin sanyi na kasuwar kifi, inda mota za ta iya shiga har ciki. Ya ce in kawo ta, ku kawo na'urar. Kuka ce dokar kamfani ta hana na'urar fita daga shago. Na ce to ku mayar mini da tsofaffin tayoyin in tafi a haka. Kuka ce tunda na faɗa da bakina dutse zan hau, lamirinku ba zai bari ba. Ina wannan lamirin yake ranar da aka dafa ƙirji?

A halin da ake ciki, tayoyin sanyin suna laushi a kwaltar Jidda kamar alewa a aljihun yaro. Masu hasashen yanayi sun ce ana sa ran wani sanyi a duwatsun Tabuk a mako mai zuwa, kuma wataƙila shi ne na ƙarshe a bana. Ƙanƙarar can baƙuwa ce, takan kwana biyu ta tafi, wata shekarar ma ba ta leƙowa. Inna ta ninke bargonta ta sa a jaka tun ranar da na zo shagonku. Jiya ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, ta kama iska a gefensa. Ta yi kamar ba komai, ni ma na yi kamar ban gani ba. Kullum kuma sai wayata ta turo mini tambaya daga sashenka, wai tauraro nawa zan ba farin cikina.

Saboda haka, cikin girmamawa, na ba ka zuwa la'asar ɗin ranar Alhamis. Fitilar nan ta mutu, ƙarar ta tsaya, kujerar gaba ta koma ta Inna. Yadda za ku yi, ku kuka sani.

Idan Alhamis ta wuce, to tunda na'ura ba ta zuwa wurin sanyi, sanyi zai zo wurin na'ura. Ranar Asabar da hantsi zan shigo da motata tsakiyar shagonku, kan farin tayil ɗin nan da kuke gogewa. Ɗan'azumi zai biyo ni da babbar mota cike da ƙanƙarar kasuwar kifi, da warinta da komai. Matan zumunta za su zo da fulas da tabarmi, kuma mahaifiyarka ta ce ita za ta riƙe ƙofa. Za mu jera ƙanƙarar kewaye da motar, mu ƙure na'urorin sanyinku, mu zauna har wurin ya sauka bakwai. In na'urar ta farka ta yi aikinta, daga nan sai Tabuk, ku kuma ku ji da ruwan.

In kuwa ba ta farka ba, zan zo da magogin kubewa da tsani. Thamer zai riƙe tsanin. Kai za ka hau, ya Abdulmohsen, da farar rigarka, ka riƙa goga ƙanƙarar a hankali tana zuba a kan bargon Inna. Za ka ci gaba da gogawa har sai ta ɗaga idon da ya rage ta ce ta gani. In ta tambaye ka ina raƙuman, kai za ka amsa mata, da Hausa.

Allah ya ƙara wa kamfaninku ɗaukaka, ya sanyaya muku kamar yadda kuka sanyaya mana.

Taka mai biyayya har zuwa la'asar ɗin Alhamis,

Mastura Rafi'u,
Malamar makaranta mai ritaya,
Hawa na uku, Waziriyya, saman motar da ta yi shiru.