Yadda Za Ka Ɓoye Leda Idan Matarka Ce Shugabar Masu Yaƙi Da Leda

Kai wanda matan unguwar Djamboutou ta Garwa suka zaɓi matarka shugabar ƙungiyar yaƙi da leda, ina yi maka jaje. Ta rantse a gaban mata cewa ko ƙyallen leda ba ya shiga gidanta, alhali shagonka cike yake da ita, kowace da sunanka a jiki. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kujerarta da tuwonka duk za su tsira. Maƙwabcina Alhaji Muhaimin, mai shago kuma mijin shugaba irinka, ya gwada, kuma har yau yana raye.

1. Ka fi ta zafi

Duk ledar da ka gani maƙale a darbejiya, tsaya ka yi salati. Ka ce manyan ƙasashe ne ke ƙera ta, mu talakawa muke kwasar wahala. Muhaimin har ƙwalla ya matse a kan gadar Binuwai. A ranar, matarsa Hajiya Hamida ta ƙara masa nama a miya.

2. Girmama kwando

Za ta ba ka kwandon kaba na cefane. Karɓa hannu biyu, ka rataya a babur duk Garwa ta gani. Tsirenka kuwa, a ledar shagonka za ka ƙunsa kamar kullum, ka cinye a hanya. Kwando ba ya kai gulma.

3. Kada ka yar a titi

Matan ƙungiya sun raba unguwa layi-layi, kuma sun iya karatu. Cusa ledar a aljihu ka kai gida. Mu masana mun ce ɓarawo ya fi samun barci a ƙarƙashin gadon alƙali.

4. Nemi bayan turke

Ƙungiya za ta ba matarka kiwon ragon bikin cika shekara. Bayan turkensa ba mai leƙawa, can za ka riƙa turawa. Washegari za ka ga babu ko ɗaya. Gode wa Allah, kada ka yi bincike.

5. Kare mutuncin rago

Zai rame, cikinsa ya yi tulu. In Hajiya ta damu, ce mata haka ragunan garin Tignère suke, ta ciki suke ƙiba.

6. Ranar biki, shirya amsa

Nan ne Muhaimin ya ɗan samu tangarɗa. Mata sun yi da'ira, Oumar mahauci ya farke tumbin ragon, ya shiga jawo leda kamar mai warware rawani. Ya wanke ɗaya ya ɗaga, ga suna nan raɗau. Wata ta fara cewa a sake zaɓe.

Hajiya Hamida ba ta ɗaga murya ba. "Alhaji, sunan wa nake gani?"

Ya ce ai ragon nan ya fi kowa kishin ƙungiya, shi kaɗai ya tsabtace gida har ya ba da ransa.

"Gaskiya ne," in ji ta. "Tunda ya tafi, kai za ka gaje shi."

Mata suka rangaɗa guɗa, kujerarta ta tsira.

Gargaɗi

Ni shawara na bayar, ban san ragonka ba, ban san matarka ba, kada a neme ni. In ka ga Muhaimin duƙe a bakin kwata yana tsintar leda yana zubawa a kwando, ka gaishe shi a hankali. Hajiya ta ce kwandon aro ne. Ranar da ya tsallake ko guda ɗaya, zai koma kwashe ta yadda marigayin ya yi.