Yadda Za Ka Kare Digirinka na Kwamfuta Daga Wayar Baba

"Ba gyaran waya muka karanta ba, Baba."

"To shekara huɗu me kuka karanta?"

Tun safe Yaya da Baba suke wannan. Wayar Baba ce ta mutu, kuma a cikinta kaɗai muryar marigayiya Mama ta rage, wani saƙo da ta taɓa turo masa. Yaya bai taɓa kwance waya ba, amma har gobe Injiniya ake ce masa. Na zauna na lura da dabararsa. Kai mai digirin kwamfuta, bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai gano ka.

1. Kada ka taɓa wayar
Hannu a aljihu. Leƙa ta daga nesa, ka girgiza kai, ka ce, "Hmm."

2. Bayyana manufar karatun
Ka ce jami'a tunani take koyarwa, ba gyara ba. Shekarar farko lissafi. Ta biyu lissafin da ya fi wancan mugunta. Ta uku ku tamanin kuna kallon kwamfuta ɗaya ta taga. Masana sun ce mai taɓa na'ura da wuri, basirarsa tsiyayewa take.

3. Ɗauko biro
Da shi ka ci duk jarrabawarka, ba zai ba ka kunya yau ba. Yaya ya cika takarda da akwatuna da kibiyoyi: "Ta kunnu? In e, shi ke nan. In a'a, koma sama." Sau bakwai Baba yana bin kibiyar da yatsa yana komawa sama.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Tsarin yana aiki."

4. Jawo kundin bincikenka
Mai baƙin bangon nan. Ɗora shi kan wayar. Goggonmu da ke zaune a gefe ta tambaya ko don wayar ta ji kunya ta tashi ne. Kada ka amsa.

5. Hana a kai ta bakin titi
In Goggo ta ambaci mai gyara, ka haɗe rai. Mutumin ko aji shida bai gama ba. Ko ya gyara, bisa kuskure ne.

Ni dai a sakandare na tsaya. Duk abin da ya same ka, ba ruwana, kada a aiko nemana. Abin da na gani kawai, Baba ya naɗe wayar cikin takardar kibiyoyin, ya sa a aljihun gaba, ya dafa wurin.

"Injiniya, in waya ta mutu, muryar da ke ciki jira take yi, ko ita ma tafiya take?"