Jatau da Rabon Kwamfuta

A unguwarmu a Malumfashi akwai gidan marigayi Malam Barmo, mai ɗinkin wuyan riguna. Ya rasu ya bar matarsa Inna Tabawa da 'ya'ya uku: Sallau babba, Ladiyo auta, sai Jatau a tsakiya. Mutane na cewa Jatau wawa ne, ni dai ban cika yarda ba. Matsalarsa ɗaya ce, ya ɗauka duk abin da mutum ya faɗa shi yake nufi.

Malam Barmo ya bar kwamfuta ɗaya ta kan tebur. Tsohuwar babbar manhajar da ke cikinta ita kaɗai ke iya sarrafa keken ɗinkinsa, kuma duk zanen wuyan rigar da ya yi suna ciki. Sallau ne ya gaji sana'ar. Da Ladiyo ta shiga kwaleji, sai ta sa wata sabuwar manhaja a gefen tsohuwar ba ta gaya wa kowa ba. Sallau ya kunna ya ga baƙuwar fuska, ya zaci aikin mahaifinsu ya salwanta, ya gaya wa Ladiyo maganar da ba a gaya wa ƙanwa. Ashe zanen na nan lafiya, amma daga ranar suka daina magana, sai dai su aiki Jatau. Wannan abu ya hana Inna sakat, don ba ta son gidan ya watse tana da rai.

Wata rana Ladiyo ta ce, "Jatau, je ka tayar min da tawa manhajar. Ta Yaya barci take, kada ka tashe ta." Jatau ya cire takalmi ya shiga ɗakin da sanɗa. Ya fito ya kori zakara, ya roƙi Inna ta ajiye taɓarya. Ya koma ya kai baki kusa da akwatin kwamfutar yana raɗa, "Ke ta Ladiyo, tashi." Da jira ya ishi Ladiyo ta zo ta danna maɓalli da kanta. Jatau ya tambaye ta ko manhajojin sun taɓa ganin juna. Ta ce a'a, in ɗaya ta farka dole ɗaya ta kwanta. Ya ce, "Gida ɗaya kuma?" Ladiyo ta ci gaba da aikinta.

Wata rana Sallau ya aiko cewa kayan Ladiyo sun cinye masa wuri. Aka kira Bawa mai gyara, ya yi danne-dannensa, ya ce ya gina katanga a ciki, kowa da ɓangarensa, ba mai leƙa na wani. Jatau ya zagaya akwatin bai ga katanga ba, amma ya yarda, tunda babba ne ya faɗa. Ya ce, "Malam Bawa, ina ka sa ƙofar?" Bawa ya yi dariya ya ce babu ƙofa. Bayan tafiyarsa Inna ta tarar da Jatau da ƙusa da guduma, ya auna gefen akwatin. Da ƙyar ta ƙwace gudumar. Ya ce, "Inna, in ɗaya ba ta da lafiya, ta ina ɗayar za ta shiga dubiya?" Inna ta zauna a bakin gado da gudumar a hannu, ta daɗe ba ta tashi ba.

Wata rana Sallau ya kama ɗaki kusa da shagonsa a bakin kasuwa, ya ce ya bar gidan ke nan. Inna ta roƙe shi har da kuka, bai saurara ba. Da ya gama kwashe kayansa ya ce, "Jatau, ɗauko min nawa ɓangaren na kwamfuta. Nata ka bar mata, ba na son ko ƙwayar abinta." Nufinsa a kira Bawa ya kwafe masa kayansa, amma bai faɗi haka ba.

Jatau ya kunna kwamfutar don ya gane na wa ne ina. Ta nuno masa zaɓin da take nunawa kullum, sunan Sallau a sama, na Ladiyo a ƙasa. Ya duba tebur, ga allo a sama, ga akwati a ƙasa. Magana ta ƙare. Ya zare wayoyi, ya ɗora allon a ka ya nufi kasuwa. Linzamin da ake jan kibiyar allo da shi ne ya ba shi wahala, sai ya sa shi a aljihu, ya ce wannan rabonsa ne, shi ma ai ɗa ne.

Kafin la'asar Sallau na zaune da allo baƙi ƙirin, ga rigunan mutane na jira. Ladiyo na gida da akwati mai gurnani, ga jarrabawa a gabanta. Sallau ya sungumi allon ya taho gida a fusace, suka haɗu a tsakar gida, kowa na neman Jatau.

"Kin ga abin da ya yi?" in ji Sallau.

"Kai ka aike shi, Yaya."

Sai a lokacin suka lura da juna suke magana. Ladiyo ta sunkuyar da kai ta ce, "Akwai yadda ake yi taka ta zauna cikin tawa kamar baƙuwa. Duka biyun su kasance a farke, keken ma ya yi aiki."

"Me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"Jatau zan aika da wannan maganar?"

Sallau ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa. Daga baya ya ce, "Abin da na faɗa miki ran nan bai dace ba." Ya shigar da allon ɗaki, ita ta bi shi tana nuna masa inda kowace waya ke shiga.

Jatau ya zauna a bakin ƙofa yana jiran a aike shi. Har aka kira magariba ba wanda ya neme shi, sai muryoyinsu yake ji daga ciki. Ya je wurin Inna a damu ya ce, "Inna, yau ba wanda ya ba ni saƙo. Ko na yi laifi ne?"

Inna Tabawa ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ka riga ka kai saƙon, Jatau. Zauna ka ci tuwo."