Rasuwar Gwaggo ta Ɗakin Wuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya ƙi bushewa, Baba Lantarki, mai gyaran wuta na masana'antar bokitin roba, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, kwantirolar da ke sarrafa gudun babban inji. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin akwatinta na ƙarfe, bayan shekara goma sha tara a bakin aiki.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa fizgar inji da safe ba, sai ta tashe shi a hankali, kamar uwa da ɗa mai nauyin barci. Kowa ya san muryarta: "ƙyas" in an kunna, sai "wiii" siriri yana hawa, sai fankarta ta kama "fuuu" har a tashi aiki. Baba yakan gane lafiyarta tun daga bakin ƙofa. Aibinta ɗaya, ba ta iya rufa asiri ba. In ƙura ta toshe mata iska ko wuta ta yi ƙasa, sai ta tsaya cak, ta rubuta lamba a ɗan allonta, kowa ya yi ta kansa. Manajoji huɗu sun zage ta a kan haka, duk ta ga tafiyarsu.

Ranar Litinin ta fara tsayawa, tana nuna cewa wuta na zurarewa ƙasa. Baba ya duba fis, ya hure ƙura, ya matse kusoshi, ta ƙi sauya magana. Washegari ya ɗauko mega, na'urar da ke tura wuta mai ƙarfi cikin waya don a ga ko rufinta ya huje. Duk wanda ya yi aiki da Baba ya haddace dokarsa: "Kwance wayoyin inji daga jikin Gwaggo tukuna. Uku ne, ba biyu ba." Bayan gwajin aka mayar da wuta, aka ji "tas", aka ji ƙauri. Allonta bai sake haske ba.

Manaja ya ce ruwa ne. An ga Dogo, mai tuƙa injin, yana wanke daɓe da tiyo ranar Litinin, don haka takardar sallamarsa za ta fito Juma'a. Dogo yana da 'ya'ya huɗu. Ya dubi Baba ya ce, "Baba, kai ka san ban kai ruwa wajenta ba." Baba ya sunkuyar da kai. 

Ta rasu ta bar babban inji, wanda ya zama maraya da tsufansa. Da fanka ɗaya. Da maɓalli ja da kore. Da wani littafi mai maiƙo da Baba ke rubuta ciwukanta. Ta kuma bar ɓeran da ya ci rufin waya a cikin bututu, wanda aka gano ɓarnarsa jiya. Ashe lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa.

Mai wannan sanarwa yana roƙon a gyara dalilin rasuwa. Ba ruwa ba ne. Baba ya kwance waya biyu, sai aka kira shi cewa 'yarsa ta sauka lafiya, an samu mace. Ya dawo yana dariya yana share hawaye, ya danna mega, ya manta ta ukun. Da ya gane, sai ya mayar da biyun, ya rufe akwati, ya ja bakinsa. Hannun da ya raine ta shi ya kashe ta, kuma ya bar Dogo, bawan Allah, da laifin. Wannan ya fi mutuwar ci masa rai.

Za a sauke gawar gobe Alhamis da ƙarfe tara, a kai ta ɗakin ajiyar tsofaffin kaya. Baba ba ya karɓar gaisuwa, a kai wa Dogo, in zai karɓa. Ana roƙon Manaja ya halarta da kansa, ya taho da takardar nan ba sa hannu. In lalle sai an rubuta suna a kanta, Baba zai zo da biro a rubuta nasa, ya miƙa makullin ɗakin wuta.