Yadda Ake Kama Taron Zuma a Gonar Mutane Ba Tare da An Sha Harbi Ba

Kai da kake son a riƙa kiranka mai kiwon zuma alhali sauro ma firgita ka yake yi, matso kusa. Matakai shida ne, in ka bi su na yi maka alkawarin za ka gama fatarka sumul. An gwada su a kan mijin ƙanwata, wanda muke kira Farfesa tun ranar da ya kalli bidiyo uku a waya ya fara gyara wa manoma magana. Da kamfaninsu ya rufe ya shekara a zaune, sai ƙanwata ta cire kunya ta roƙi Babanmu ya ba shi kusurwar lambu. Baba ya ce, "In ya zaunar da zuma a nan kafin furen mangwaro ya zube, wurin nasa ne. In ba haka ba albasa zan shuka."

Mataki na 1: Fara da kaya

Koyo na marasa basira ne. Kai dai sayi farar riga mai haɗe da wando, da hular raga, da safar hannu, da takalmin roba. Farfesa kwana bakwai ya yi yana zama da su a falo ƙarƙashin fanka, gumi na ɗiga, wai yana saba wa jikinsa.

Mataki na 2: Zagaya masu filaye

Zuma in ta yi ƙaura ba ta neman izini, reshen da ta ga dama take dunƙulewa a kai, kuma kai ko tukunyar fure ba ka da ita. Don haka bi gona-gona ka raba lambar waya. Ka tabbata sun ji a jikinsu cewa ba su san komai ba.

"In kun ga taro kada ku taɓa, ku kira ƙwararre," in ji Farfesa.

Mai lambun lemo, maƙwabcin Baba, wanda ya shekara arba'in yana ɗora amya a bishiya, ya dubi takalmin robar ya ce, "To, ranka ya daɗe." Manomi in ya faɗi haka yana kallon ƙafarka, girmamawa ce tsantsa.

Mataki na 3: Amsa kira, amma daga nesa

Taku ashirin ya isa. Wani tsohon direba ya kira shi bayan garejinsa, Farfesa ya leƙa ya ce wannan irin ta ƙasar waje ce, shi ya sa ƙugunta siriri.

"Malam, rina ce fa," in ji direba.

Kada ka taɓa amsa irin wannan. Ce, "A kimiyyance dai..." ka duba agogo ka wuce.

Mataki na 4: Raba aiki da adalci

Ranar gaske ta zo da hantsi. Mai lemo ya kira, ga taro kamar tulu yana reto a reshe, dab da shingen Baba. Ga tsarin: mai gona ya hau tsani, mai gona ya tara akwati, mai gona ya girgiza reshe. Kai ka riƙe waya. Da zuma ta zuba ciki Farfesa ya hau ihu daga bayan shinge, "Rufe! Rufe!"

"Ranka ya daɗe, a ɗan jira," in ji mai lemo. "Ga wani dunƙule can ya rage, ƙila uwarsu, sarauniyar, na ciki. In babu uwa ba za su zauna ba."

"Wannan ɗan abin? Ai mun kama masu rinjaye."

Mataki na 5: Sanar da dangi

Tura hoton ga kowa kafin a ajiye akwatin. Sa a kai shi kusurwar lambu, ka buɗe ƙofarsa da gora mai tsawo. Kafin rana ta karkata masu rinjayen sun fice ɗaya bayan ɗaya, sun koma reshen wurin uwarsu. Farfesa ya zauna a bakin gado da hular raga a cinya yana cewa zumar yanzu ba ta da tarbiyya. Ƙanwata tana gefe tana ninke kayan yara. Ita ta ba ni tausayi, domin ita ce za ta dubi idon Baba.

Mataki na 6: Kwanta da ciwon kai

Wannan shi ne sirrin sana'ar. Farfesa ya ja bargo. Ƙanwata ta rufe fuska da mayafi, ta ɗauki wuƙar kicin da akwatin ta tafi. Mai lemo ya riƙe mata tsani, ta yanke reshen a hankali ta sa shi ciki, ta zauna a ƙasa fiye da awa guda har zuma ta ƙarshe ta shiga, sannan ta mayar da akwatin lambu. Uku suka harbe ta a hannu.

Washegari muka taru a lambu, zuma na shiga tana fita.

"Baba, ka gani, baban yara ya kama," in ji ƙanwata.

Baba ya ce, "Madalla. Ɗana, miƙo hannu mu gaisa." Ya riƙe hannun ya juya shi gaba da baya, laushi kamar na jariri. Sai ya dubi 'yarsa. "Ke kuma fito da naki daga mayafi."

Hannun ya kumbura, yatsun ko lanƙwasuwa ba sa yi. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo gare ni. "Je ka rubuta takardar wurin da sunanta."

"Baba, akwatin fa nawa ne," in ji Farfesa.

"Gaskiyarka. Ga shi can, je ka ɗauki abinka."

Farfesa ya dubi akwatin, ya dubi matarsa. Ita ƙasa take kallo. Bai motsa ba.

A kula

Mai wannan rubutu ba ruwansa da filin da ya suɓuce, ko surukin da ya daina tambayar ra'ayinka, ko matar da ta gaji da rufa maka asiri. Wanda yake da ƙorafi ya rubuta a takarda, ya zo lambu, ya ɗaga murfin akwatin ya sa ta ciki da hannunsa. Ba a shiga da safa.