Marurun da Inna Ta Yi Raino

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina a Guci ba.

Ni tela ce a Magaria, wuni nake a kan keken ɗinki. A shekarar bikin al'adata ta ɗauke, na yi ƙiba, gashi ya fito min har a haɓa (ina tsige shi a ɓoye kamar mai sata). Inna, uwar mijina, ta dubi tumbina ta yanke hukunci: ciki ne. Na san ba shi ba ne, amma tun aurena ba ta taɓa yi min fara'a irin wannan ba. Har hanta take aiko min. Na ci, na yi shiru.

Abin da nake ɗauke da shi na gaskiya maruru ne, can ƙarshen ƙashin baya, wurin da ba a nuna wa kowa. Haka na hau kabu-kabu zuwa Guci, kowane rami sai na yi salati.

Da aka gama jere, Inna ta ce mai ciki ba ta zama a tabarma. Ta zaunar da ni a gadon amarya, kan farin zanen gado. Ina zama na ji abin ya fashe. Da na miƙe, ga jini. Mata suka hau salati, wai ɓari ne. Inna tana kuka ta kai ni asibiti.

Ungozomar ta duba ni, ta ce babu ciki, ba a ma taɓa yi ba. A gaban Inna ta yi bayani: matsalar da ta ɗauke min al'ada ita ke kawo gashi da ƙiba, gashin ya nutse cikin fata ya zama maruru, zama da gumi suka ƙarasa aikin. Sai an yi tiyata.

Inna ta share hawayenta tas, ta ce, "Ashe duk hantar nan maruru nake raino."

Mata nawa suka yi min kuka a Guci, amma bayan tiyata ba wadda ta leƙo ni. Har yau abin yana min ciwo. Na dai koyi darasi: idan za ki yi ciwo a gidan miji, ki zaɓi wanda ake zuwa dubiya.